Sati Uku Ba Madubi

Ya rage sati uku a ɗaura auren Kinasih, Bude Warsi, yayar uwarta, ta shigo gidan da jaka a hammata. Ko zama ba ta yi ba ta ce a sauke madubin falo. Aka sauke. Na jikin kabad ɗin ɗaki ya ƙi ciruwa, sai ta sa aka manne shi da tsohuwar jarida. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar Kinasih, ta liƙa filasta a kan ƙaramar kyamarar gaba.

"Wannan ma madubi ne," in ji ta. "Shi ya fi lalata amaren yanzu."

Kinasih ta yi dariya. "To babur ɗina fa, Bude? Shi har biyu gare shi."

"Babur ya shiga hutu, ke ma kin shiga. Daga yau ba rana, ba makaranta, ba ango."

Kowa a Karangasin ya san dokar. Amarya takan shiga kulle, ba ta ganin ango, ba ta ganin fuskarta, don ranar biki ta fito ta ɓace wa jama'a. Babban yabon da ake yi wa amarya a garin nan shi ne a dafa ƙirji a ce, "Wallahi ban gane ta ba!" Yarinya ta yi shekara ashirin da huɗu tana gaishe mu a hanya, amma a ranar da ta fi kowace rana a wurinta, fatanmu shi ne mu kasa gane ta. Bude Warsi kuwa shekara ashirin ke nan tana yi wa amare kwalliya, kuma takan faɗa da bakinta cewa ba ta taɓa fitar da amaryar da aka gane ba.

Sai dai Kinasih babban aiki ce. Malamar motsa jiki ce a firamare, wuni take a fili tana hura usur. Ranar da babu makaranta tana gonar gishirin ubanta, Pak Kasmin, tana jan manjagara. Baƙa ce wuluk, mai faɗin kafaɗa, in tana tafiya ana jin takunta. Ita dai hakan bai taɓa hana ta barci ba. Wadda ya hana barci uwarta ce, Mak Tumirah, tun ranar da dangin ango suka zo neman aure, wata gwaggon angon ta ƙare wa yarinyar kallo ta ce, "Masha Allah, ga lafiya. Sai dai in an ɗauke wuta a yi ta lalube." Aka yi dariya. Kinasih ma ta yi, har ta ƙara wa matar shayi. Mak Tumirah ce ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Bude ta zuge jaka ta fito da kwalabe biyu ƙanana, ba suna, ba rubutu. Ɗaya fari na safe, ɗaya rawaya na kwanciya. Da ta cire murfi, wani wari ya tashi kamar na tsatsa da aka fesa wa turare.

"Me ke ciki?" in ji Kinasih.

"Alheri ke ciki. Wata hajiya ce ke haɗa shi a birni, matan manya ma layi suke bi."

"Bude, angon nawa Mas Danang fa a haka ya gan ni. A filin makaranta ya fara ganina, ina gumi kamar doki."

"Danang bakanike ne. Wanda ya wuni yana kallon baƙin mai a injin jirgin ruwa, me ya sani game da fari? Kuma ba shi kaɗai za ki aura ba, da gwaggonninsa za ki zauna."

Mak Tumirah ta kama hannun 'yarta. "Nduk, 'yata, sati uku ne kacal. Na taɓa roƙonki wani abu?"

Ba ta taɓa ba. Kinasih ta ɗaga fuska, aka shafa.

A satin farko komai ya tafi daidai, kuma wannan shi ne mugun abin. Fatar ta fara haske. Maƙwabta suka riƙa shigowa aron gishiri, a garin da kowane gida ke da buhunsa, don dai su leƙa.

"Kai, Tumirah! Ashe 'yar nan taki kyakkyawa ce, rana ce ta ɓoye ta?"

"Saura kaɗan ta zama kamar mai karanta labarai a talabijin."

Mak Tumirah sai murmushi, tana cewa ai aikin yayarta ne. Kinasih tana zaune a tabarma ana juya haɓarta dama da hagu kamar kifi a kasuwa. Duk ɗakin ita kaɗai ce ba ta san abin da ake yabo ba.

Bude ta ƙara da azumin fari: kwana uku a jere, farar shinkafa da ruwa, ba gishiri ba miya, wai don haske ya fito daga ciki. In an huta kwana biyu a sake. Sauran 'yan gida suna cin soyayyen kifi da yajin barkono a gabanta, suna yi mata sannu. Sannan ga ɗamara, dogon ƙyalle mai kauri da ake naɗa wa ciki zagaye bayan zagaye. Bude takan kafa mata gwiwa a baya ta ja.

"Ba na iya numfashi, Bude."

"Ana numfashi bayan biki."

Yarinyar da ke saɓa buhun gishiri ta kai shi bakin titi ba tare da ta ajiye ba, ta koma sai ta dafa bango in za ta tashi daga tabarma. Bude ta ce madalla, tafiyar ma ta fara zama ta mata.

A kwana na tara fuskar ta fara zafi, irin na wanda ya yanka barkono ya manta ya taɓa ido. A na sha ɗaya ta farka ta ga ɓawon fata a kan matashi. Ta taɓa kumatunta, wani wurin kaushi, wani wurin danshi.

"Bude, fatata tana saɓulewa."

"Alhamdu lillahi. Tsohuwar ce ke sallama."

"Akwai ruwa-ruwa a nan."

"Dauɗar shekara ashirin da huɗu ce. Ta ina kike so ta bi ta fita?"

Daga ranar maƙwabta suka daina samun shiga, don Mak Tumirah ta fara tare su a ƙofa tana cewa amarya na barci.

Pak Kasmin mutum ne da in ya kalli ruwan gona sau ɗaya zai gaya maka kwana nawa ya rage gishiri ya kama. Ya dawo cin abincin rana, ya ɗago kai ya ga 'yarsa, cokali ya tsaya masa a hanya.

"Tumirah, anya wannan abin..."

"Ka taɓa yin amarya?"

"A'a."

"To ci abincinka."

Ya ɗauki farantinsa ya koma baranda. Kinasih ta bi shi ta tsaya daga cikin ƙofa, inda rana ba ta kaiwa.

"Pak, tsakaninka da Allah, yaya fuskata take?"

Ya daɗe yana neman ƙaya a kifin da ya riga ya cire wa ƙaya. "Ni ban san harkar mata ba, Nduk. Su da suka sani sun ce haka ake yi."

Ta koma ɗaki ta kira Danang, don magana ta waya dai ba a hana ba.

"Mas, fuskata tana ci na kamar wuta."

"Sannu, Dik, amaryata. Kwana tara ya rage. Ni fa ko koriya kika fito ina sonki."

"To ka faɗa wa Bude haka."

"Haba! In tsoma baki a kwalliyar amarya? Su ce tun ba a ɗaura ba na fara raina manya? Ki daure dai, ƙiris ya rage." Ana buga ƙarfe a bayansa. "Bari in je, wani injin ya ƙi tashi."

Filastar tana nan a kan wayar, farce ɗaya ya isa ya ɓamɓare ta. Sau da yawa Kinasih ta sa farcen ta fasa. Da farko alkawarin da ta yi wa uwarta ne ke hana ta, don Mak Tumirah ta yi imani cewa amaryar da ta kalli kanta a kulle hasken fuskarta zai gudu, albarkar auren ta bi shi. Daga baya kuma ba alkawari ba ne, tsoro ne. Ta lura mutanen gidan sun koyi yi mata magana suna kallon kafaɗarta.

Ya rage kwana shida dole ta sa aka fita da ita, don akwai allurar rigakafin da ake yi wa mai shirin aure. Aka rufe ta da takunkumi da mayafi da laima, aka sa ta a keken haya. A asibitin sha-ka-tafi ma'aikaciyar jinya, Bu Ratmi, ta yi allurar, sannan idonta ya sauka a goshin.

"Cire takunkumin nan in gani."

Takunkumin ya manne, sai da aka jiƙa shi da ruwa. Bu Ratmi ta yi salati.

"Me kuke shafa mata?"

"Kurkum ne kawai da garin shinkafa," in ji Mak Tumirah.

Bu Ratmi ta ce, "Uwar amarya, ni ma an yi mini aure. Kurkum ba ya ƙona mutum. Man bilicin ne, irin wanda ba rubutu a jiki, ko ba shi ba? Guba ce a ciki. Tana cin fata, in ta gama ta gangara ƙoda. Ke kuma malama, da iliminki, kin ga fuskarki kuwa?"

Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko ƙaramin madubi. Mak Tumirah ta yi tsalle ta rufe idanun 'yarta da tafin hannu biyu.

"Amarya ce! Don Allah, amarya ce!"

Bu Ratmi ta tsaya da madubi a hannu tana kallon su biyun, sannan ta mayar da shi. Ta ba da magani, ta ce a daina yau, ba gobe ba. Mak Tumirah ta ce to, to, in sha Allahu, an gode. Suna hawa keke ta ce, "Kin ga fatarta? Fara tas kamar ɓawon ƙwai. Ita ta samu nata, ba ta son wani ya samu."

Bayan magariba Bude ta shigo da kwalbar rawaya. Kinasih ta ce, "Na daina."

"Kin me?"

"Na daina. Baƙa aka haife ni. Ba cuta ba ce da za a yi mini magani."

"Ji 'yar boko! To ki daina mana. Wadda ta tsaya a tsakiya dabbare-dabbare take fitowa kamar saniyar madara. Kwana shida ya rage, katin gayyata ya kai har birnin Semarang. Ki fita a haka, ki ga wa za a zaga, ni ko uwarki."

Mak Tumirah ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, ta miƙe ƙafa.

"Nduk, ranar aurena ba a yi mini komai ba, hoda kawai. Na fito, tun daga bakin titi mata suka ce, 'Ai Tumirah ce.' An gane ni, Nduk. Kowa ya gane ni. Kakarki ta wajen uba har ta koma ga Allah gindin tukunya take kirana. In za a yi hoton dangi, ni ake ba jakunkuna in riƙe. Shekara ashirin da shida. Ba na son ki riƙe wa kowa jaka."

Kinasih ta kalli uwarta. Fatarsu ɗaya, kafaɗarsu ɗaya. Ta so ta gaya mata cewa tun tana ƙarama in ta hango ta a gona, rana tana sheƙi a hannuwanta, ba ta ganin macen da ta kai ta. Amma a gidan ba a saba da irin wannan magana ba, kuma uwar tana kuka. Ta rufe ido. Mak Tumirah ce da kanta ta lakato man, ta shafa a hankali, tana hura mata iska a inda ya yi ja. Maganin Bu Ratmi aka ɗora shi a kan kabad, sai bayan biki.

Ranar biki tun da sassafe Bude ta kama aiki. Ta sa reza ta aske gashin gaban goshi kamar yadda aka saba, don a samu wurin baƙin zanen amare. Kinasih ta damƙe gefen kujera har yatsunta suka sage. Bude ta shimfiɗa hoda, fatar ta jiƙa ta. Ta ƙara, ta sake jiƙewa. Sai a shafi na bakwai ruwan ya daina ɓullowa. Ta zana goshi, ta ja gira, ta rataya fararen furanni daga gashi zuwa ƙirji, ta ja da baya tana goge hannu.

"Yau ko uwar da ta haife ki sai an nuna mata," in ji ta.

Aka ɗaura aure tana ɗaki, sannan da hantsi aka fito da ita tsakar rumfa don ta haɗu da ango. Rumfar ta ɗauka.

"Ba ita ba ce!"

"Wallahi an canza ta!"

Shugabar makarantarsu, wadda suka yi shekara uku suna shan shayi tare, ta tambayi ta kusa da ita ko amaren biyu ne. Gwaggon nan mai maganar ɗauke wuta ta dafa ƙirji ta ce ita dama tun farko ta san yarinyar tana da kyau. Danang ya kalle ta, ya ɗan leƙa bayanta, sannan ya tuna ya yi murmushi. Mak Tumirah tana sahun gaba tana hawaye, ana ta kama hannunta ana taya ta murna. Ƙarƙashin hodar kuwa fuskar Kinasih bugawa take kamar zuciya.

Aka zo wajen ƙwai. Ango zai taka ƙwai da ƙafar dama ya fasa, amarya ta durƙusa ta wanke masa ƙafar da ruwan furanni, haka ake yi tun kakanni. Kwanon ruwan na tagulla ne, na Bude Warsi, kuma ita da kanta ta wuni ranar jajibere tana goge shi da tsamiya da toka har yana ɗaukar ido. Matar da ta bi gida ɗaki-ɗaki tana farautar madubi, ita ce ta ajiye wa amarya ɗaya a gabanta.

Danang ya taka, ƙwai ya fashe. Kinasih ta durƙusa ta sunkuya. A jikin kwanon wata farar mata tana kallonta. Ta motsa baki, matar ta motsa. A kuncin hagu farin ya tsage, wani ruwa rawaya yana bin tsagar zuwa haɓa. Ta nemi wani abu nata a fuskar, ko ɗaya, ba ta samu ba sai idanu.

Mai gabatarwa yana ta bayani da lasifika cewa wannan alama ce ta biyayyar mace ga mijinta. Ƙafar Danang tana jira, ƙwai yana bin yatsunsa. Kinasih ta tsoma hannu biyu a ruwan, ta ɗebo, ta kai fuskarta.

"Ke!" in ji Bude. "Ƙafarsa! Ƙafarsa aka ce!"

Ta sake ɗebowa. Ruwan kwanon ya yi fari, ya yi toka-toka, sannan ya yi ja-ja. Zafi ya sa ta ga duhu, amma ba ta tsaya ba sai da ta ji iska a fatarta. Ta miƙe, ta juyo ta fuskanci rumfar. Makaɗa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Kumatun jajur suke kamar naman da aka feɗe. Goshin ya kumbura. Gefen idanu ya yi baƙi-baƙi irin na ƙuna. Can kusa da kunne, inda man bai kai ba, ga sauran fatarta ta asali, lafiya lau, tana sheƙi.

"Ni ce," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma lasifikar tana kusa. "Kinasih ce, 'yar Pak Kasmin. Na ji ana ta cewa ba a gane ni ba."

Danang ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. "Dik... wa ya yi miki haka? Ni fa ban ce a yi ba."

"Ba ka ce a yi ba, Mas. Ba ka kuma ce a bari ba." Ta miƙa masa tawul. "Goge ƙafarka, ka kai ni asibiti."

Ya goge, ya kai ta, da hular angoncinsa, ita da furanninta. Jama'a kuwa sun ci abinci kafin su watse, don an riga an dafa.

Likitan fata a birni ya ce kumburin zai tafi, jan ma zai tafi. Tabon kumatu ne wani zai dushe, wani zai zauna. Ya ce a riƙa duba ƙodarta har shekara. Ya tambayi sunan man, ba wanda ya sani, don ba shi da suna.

A Karangasin aka binciki lamarin sosai, aka kuma gano mai laifi. Bude Warsi ce ta yi bayani, a wajen mai kayan miya da wajen karatun mata na ranar Alhamis.

"Ai kallon kanta ta yi. Har lokacin da ta durƙusa fuskar nan lafiya lau take, kowa shaida ne, ga hotuna. Tana leƙa kwano hasken ya gudu. Dokar kakanni wasa ce?"

Mata suka gyaɗa kai. Wasu suka ce jininta ne mai ɗaci, man bai karɓe ta ba. Gwaggon ango ta ce boko ne ya yi mata yawa. Pak Kasmin ya ce shi dama bai san harkar mata ba. Mak Tumirah ta yi sati biyu ba ta je kasuwa ba, ta ce da 'yarta ta daure awa biyu da an tashi lafiya. Ba wanda ya ce a kawo kwalbar a duba. Mutum huɗu masu ido da kunne, uwa da uba da Bude da ango, ba wanda ya tsane ta a cikinsu, duk sonta suke yi, kuma da wannan son aka ƙona mata fuska sati uku tana gaya musu da zafi. Da aka gama bincike abu ɗaya aka gyara: Bude ta daina goge kwanon tagulla. Hoton da aka ɗauka kafin ƙwai kuwa ta sa aka wanko shi babba ta kafa a ƙofar gidanta, kuma iyaye mata uku suka zo kama ranar da za ta gyara musu 'ya'yansu.

Bayan wata ɗaya Kinasih ta koma makaranta. Ranar da za ta fara, Mak Tumirah ta zo gidanta da sassafe da ƙunshin ayaba da gwangwanin hoda.

"Ki ɗan shafa, Nduk. Mai laushi ce, ba ta zafi. Don mutane."

"Mutane sun riga sun gani, Mak."

"An ce akwai wani mai kuma da ke cire tabo..."

Kinasih ta kalle ta ido cikin ido. Ta karɓi ayabar, ta sumbaci hannun uwarta, ta mayar mata da gwangwanin cikin jaka. Danang yana tsaye yana riƙe mata babur, ya buɗe baki ya ce, "Mak, a bar ta haka." Magana ce mai kyau, ta dai zo a makare da wata biyu.

Ba a daɗe ba aka sa Ningrum a kulle, 'yar wani mai sayar da busasshen kifi a layinsu. Kinasih tana dawowa daga makaranta ta ga an jingine madubi a barandar gidan su Ningrum, fuskarsa a bango. Ta wuce. Kwana biyar tana wucewa. A na shida ta tsayar da babur. Bude Warsi ce a ƙofa.

"Ina za ki? Amarya tana kulle."

"Daga ango aka kulle ta, Bude. Ni mace ce, gaisuwa na zo."

"Buɗe jakar nan. Ba za ki shigar mini da madubi ba."

Kinasih ta buɗe. Usur, kwalbar ruwa, tawul. Bude ta lalube har aljihun wando, ta karɓi wayar ta riƙe. Da ta rasa abin kamawa ta matsa gefe.

Ningrum tana zaune a tabarma, ɗamara ta miƙar da ita sak. Fatarta ta soma haske, warin nan ya cika ɗakin. Uwarta tana gefe tana tsince shinkafa. Da yarinyar ta ga mai shigowa ta gaishe ta, ta yi sauri ta sunkuyar da kai.

Kinasih ta yaye labulen taga, hasken la'asar ya shigo. Ta zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta kama haɓar yarinyar a hankali ta ɗago.

"An hana ki madubi, na sani. Ni ma ban kawo ba," ta ce. "Kalle ni. Kada ki yi sauri, ba inda za ni."